NAZARI: Tururi, ma'auni da fostar siyasa: Abin da ya tsaya tsakanin Najeriya da takarda mai sheƙi

Zaɓen 2027 bai ƙaraso ba, amma bango ya riga kowa shiga yaƙin neman zaɓe. A ƙarƙashin gadojin sama na Kano, a jikin turakun lantarki na Kaduna da shataletalen Abuja, fuskokin masu neman kujera sun fara hawa kan juna, kowace tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Da wuya ka karanta fosta biyar ba ka ci karo da alƙawarin farfaɗo da masana'antu da samar wa matasa aikin yi ba. Sai dai takardar da aka buga alƙawarin a kanta baƙuwa ce. A wata masana'anta ta Asiya ko Turai aka yi ta, ta hau jirgin ruwa ta sauka a Legas, aka biya kuɗinta da dala.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. Duk abin da ake bugawa a kan takarda ya bi ta: littafin ɗan firamare, kalanda, katin ɗaurin aure, kwalin magani. A watan Mayun 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan da aka yi a gida a duk sayayyar gwamnati. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: me ya hana mu yi takardarmu da kanmu?

Amsoshin da aka saba ji su ne cin hanci, sayar da kamfanonin gwamnati ga waɗanda ba su da niyyar tafiyar da su, da kuma kwararowar kayan waje. Kowace tana da nata kason na gaskiya. Amma akwai tambayar da ba a ji a zauren majalisa ko a dandalin kamfen, alhali a kanta ribar kowace masana'antar takarda ta rataya: nawa ake kashewa kafin a samar da tan ɗaya na tururi, kuma wa ke auna inda tururin ya tafi?

Masana'antu uku da ƙasa ta yi wa buri

Gwamnatin Tarayya ta gina manyan masana'antun takarda uku. Ta Jebba a Jihar Kwara, a bakin Kogin Neja, ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, aikinta takardar kwali da ta naɗe kaya. Ta Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ta yau an buɗe ta a 1986 domin takardar buga jarida. Ta Iwopin a Jihar Ogun, wadda aka tsara domin farar takardar rubutu da ɗab'i, tun shekarun 1970 aka fara gininta, ba ta fitar da takarda ba sai a shekarun 1990, kuma ba ta jima ba ta yi shiru. An dasa dazuzzukan itacen malaina a kudu maso yammacin ƙasar domin ciyar da ita. Kafin ƙarni ya juya, ukun duk sun durƙushe. A shekarun 2000 aka sayar da su ga 'yan kasuwa a ƙarƙashin shirin sayar da kadarorin gwamnati. Ta Jebba ta farfaɗo da sarrafa tsofaffin takardu zuwa takardar kwali. Farar takardar ɗab'i kuwa, musamman mai sheƙin nan da ake shafe wa fuska, kusan dukkanta daga waje take zuwa har yau.

Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne na zare. Itacen malaina gajeren zare gare shi, takarda mai ƙwari kuwa sai an gauraya mata dogon zare, wanda ake samu daga itatuwa masu ganye kamar allura, kuma da kuɗin waje ake sayo shi. Da naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sayo markaɗen itace da sinadarai da kayan gyaran injuna ya gagara. Wannan bayani daidai ne. Abin da ya rage a cikinsa shi ne, ko da zaren ya samu a ƙofar masana'anta kyauta, sai an busar da takardar, kuma a wurin busarwar ne mafi yawan makamashi ke ƙonewa.

Yin takarda yaƙi ne da ruwa

Abin da ake zubawa a bakin injin takarda ya fi kama da ruwan wanke shinkafa fiye da takarda. Fiye da kashi 99 cikin 100 ruwa ne, zaren bai kai kashi ɗaya ba. Ana shimfiɗa shi a kan wata doguwar rariya mai gudu, ruwa ya tsiyaye, injunan zuƙa su ƙara janye wani. Daga nan shimfiɗar ta ratsa tsakanin manyan naɗaɗɗun ƙarafa da ke matse ta. Idan ta fito daga matsewa, kusan rabin nauyinta ko fiye har yanzu ruwa ne, kuma wannan ragowar ba ta fita da matsi. Sai an ƙone ta da zafi.

A nan lissafi ke yin nauyi. A ɗauki tan ɗaya na takarda da aka gama, mai danshi kashi 5 cikin 100. Busasshen abin da ke cikinta kilo 950 ne. Idan ta bar wurin matsewa tana da kashi 45 na busasshen abu, nauyinta a lokacin ya kai kilo 2,110. Ke nan sai an mayar da fiye da kilo 1,100 na ruwa tururi kafin a samu tan ɗayan nan. Ruwa kuwa ba ya barin wuri da arha. Zafin da ake buƙata a mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar zafin da ya ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Duk matar da ta taɓa jiran ruwan miya ya tsotse ta san wannan a aikace: tafasa ba ta ɗaukar lokaci, ƙonewar ruwan ce ke cin itace.

Saboda asarar da ba makawa, kowane kilo na ruwan da aka kora yakan ci fiye da kilo ɗaya na tururin tukunya. Tan ɗaya na takarda na iya lashe kusan tan ɗaya da rabi na tururi a wurin busarwa kaɗai. Da za a inganta matsewar, takardar ta fito da kashi 50 maimakon 45, ruwan da za a ƙone zai sauko zuwa kilo 900. Injiniyoyin takarda na da ƙa'idar da suka haddace a kan haka: kowane kashi ɗaya da aka ƙara a matsewa yana rage kusan kashi huɗu na tururin busarwa.

Abin da ke faruwa a cikin ganga

Sashen busarwa jerin manyan ganguna ne na zubin ƙarfe, kowace faɗinta mita ɗaya da rabi ko kusan biyu, gommai a jere, a cikin wata doguwar rumfa da ke tattara danshi. Takardar na zagaya su ɗaya bayan ɗaya, tururi na shiga cikin kowace ganga ta wani bututu a gefenta. Da ya taɓa bangon gangar, wanda jiƙaƙƙiyar takarda ke sanyayawa daga waje, sai ya koma ruwa, ya saki zafin da ya ɗauko daga tukunya.

Sirrin tafiyar da wannan sashe shi ne, zafin tururi yana bin matsinsa. A matsin iskar da muke shaƙa, ruwa na tafasa a digiri 100. Idan matsin ya ninka sau biyar, tururin na kai digiri 152, idan ya ninka sau goma ya kai kusan 180. Saboda haka mai kula da injin ba ya murɗa zafi kai tsaye. Matsi yake murɗawa ta hanyar bawul, zafi ya biyo baya. Gangunan farko akan bar su da ɗan sauƙin zafi, domin idan jiƙaƙƙiyar takarda ta hau ƙarfe mai tsananin zafi zarenta na mannewa, fuskarta ta yage. Daga nan ake ƙara matsin rukuni bayan rukuni.

Ruwan da tururin ya koma shi ma matsala ne. A gudun da injunan zamani ke yi, ruwan ba ya kwanciya a ƙasan ganga. Juyawa na watsa shi ya lulluɓe bangon ta ciki kamar bargo, ya tsaya tsakanin tururi da ƙarfe, zafi ya kasa ratsawa yadda ya kamata. Don haka akwai bututun zuƙa a cikin kowace ganga, kuma ba ya aiki sai matsin shiga ya fi na fita da wani ƙayyadadden bambanci. Idan bambancin ya yi kaɗan, ganga ta cika da ruwa, ta yi sanyi, ta yi wa injin nauyi. Idan ya yi yawa, lafiyayyen tururi ya bi ruwan ya fice ba tare da ya yi aikin komai ba. Masana'antar da ta san abin da take yi tana kama wannan tururin da ya kuɓuce ta tura shi rukunin gangunan da ke buƙatar ƙaramin matsi, ta kuma mayar da ruwan zafin tukunya, tunda an riga an kashe kuɗi wajen tace shi da ɗumama shi.

Inda sheƙi ke fitowa

Takarda mai sheƙi takarda ce da aka yi wa shafe. Ana dama farar ƙasa da garin alli mai laushin gaske, a haɗa da danƙo da sitaci domin su riƙe, a shimfiɗa a fuskar busasshiyar takarda, wata siririyar wuƙa ta share abin da ya wuce kima. Wannan na nufin an sake jiƙa abin da aka sha wahalar busarwa, sai an sake busar da shi. Da yake ɗanyen shafe ba ya son taɓawa, da fitilun zafi da iska mai zafi ake fara ƙafar da shi kafin ya hau ganga. Idan aka yi gaggawa, danƙon na gudowa sama tare da ruwa, ya taru a wani wuri ya bar wani. Idon mai saye ba zai ga komai ba. Sai ranar da aka buga hoto a kai, tawada ta kama nan ta ƙi can, fuskar ɗan takara ta fito dabbare-dabbare.

Shafe kaɗai ba ya kawo ƙyalli. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a Ƙofar Mata ya ga yadda ake fito da sheƙin shadda: a ɗan yayyafa ruwa, a shimfiɗa a kan gungume, a yi ta dukanta da taɓarya har zaren ya kwanta ya yi santsi. Masana'antar takarda ma da danshi da matsi take aiki, ta ƙara da zafi. Takardar na ratsa tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa masu zafi da wasu masu ɗan taushi, a wasu injunan kuma ana fesa mata siririn tururi dab da shigarta domin fuskarta ta yi laushi ta karɓi guga. Idan tururin ya gaza, sheƙi ba ya fitowa. Idan ya zo da ɗigon ruwa a cikinsa, kowane ɗigo tabo ne. Sheƙin kansa ba da ido ake yanke masa hukunci ba. Ana haska takardar a kusurwar digiri 75 a auna hasken da ya dawo, kuma wannan lamba na cikin abin da mai saye ke rubutawa a yarjejeniya.

Danshin ƙarshe shi ma yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Takardar da ta fita da danshi fiye da kima na iya kumbura ta yi ƙuraje a injin ɗab'i mai busar da tawada da wuta, domin shafen ya toshe wa tururin da ke cikinta hanyar fita. Wadda ta bushe ƙarau kuma tana lanƙwashewa, tana tsagewa a wurin ninki.

Yadda ake auna abin da ba a gani

Auna tururi ya fi auna ruwa ko fetur wuya, domin nauyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lita 1,000 na tururi a matsin iska nauyinsu bai wuce giram 600 ba. A matsin da ya ninka sau goma, lita 1,000 ɗin sun haura kilo biyar. Ma'aunin da ke ƙirga yawan abin da ya wuce a bututu ba tare da sanin matsi da zafinsa ba, lambar da yake bayarwa ba ta da amfani ga akawu. Shi ya sa ma'aunin kirki ke tafiya da na'urar matsi da ta zafi, da ƙaramar kwamfuta mai haɗa ukun ta fitar da kilo nawa ke wucewa a awa.

Ma'auni mafi daɗewa faifan ƙarfe ne mai rami a tsakiya, da ake sanyawa a cikin bututu. Tururi na matsuwa ya wuce ta ramin, matsinsa ya faɗi, a auna bambancin gaba da baya. Yana da arha, ba shi da abin da ke motsi, amma yana da rauni: idan gudun tururi ya ragu zuwa rabi, bambancin matsin na faɗuwa zuwa rubu'i, idan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, bambancin ya koma ɗaya cikin ɗari, wanda na'ura ke wahalar ji. Masana'antar da ke aiki ƙasa da ƙarfinta, kamar yadda namu suka yi shekara da shekaru, a daidai wurin da wannan ma'auni ya fi yin kuskure take zaune. Ga shi kuma bakin ramin na cinyewa da daɗewa, lambar ta riƙa zamewa a hankali ba wanda ya lura.

Na biyu ya fi sabunta. Sanda ce a gicciye a cikin bututu. Kamar yadda ruwan kogi ke yin 'yan guguwa a bayan ginshiƙin gada, haka tururi ke yi a bayan sandar, dama da hagu bi da bi, kuma yawansu a daƙiƙa na bin saurin tururin. Na'ura na ƙirga su. Wannan ya fi jure hawa da saukar aiki, sai dai yana son miƙaƙƙen bututu gaba da baya, kuma jijjiga na ruɗa shi. Dukansu biyun jiƙaƙƙen tururi na yaudararsu. Idan bututun ba a naɗe shi da abin riƙe zafi ba, ko tarkunan da ke fitar da ruwa daga layi sun lalace, abin da ke gudu a ciki gaurayen tururi da ruwa ne, ma'auni na ƙirga abin da ba shi ɗauke da zafin da ake zato.

Awon kuma somin-taɓi ne. A ƙarshen injin akwai na'urar da ke kai da komo a faɗin takardar tana karanta danshinta. Idan ya kauce wa abin da aka sa, kwamfuta ta sauya matsin da ake so a ganguna, bawul ya buɗe ko ya tsuke. Matsalar ita ce gangar zubin ƙarfe mai nauyin tan da yawa ba ta ɗumama ko hucewa nan take, tana ɗaukar mintuna. Injin zamani kuwa na fitar da fiye da mita 1,000 na takarda a minti ɗaya. Kowane minti na kuskure kilomita guda ne na takardar da ko dai a karya mata farashi ko a mayar da ita a sake markaɗawa.

Masana'antar da ba ta yarda da ma'auninta ba, hanya ɗaya take bi ta kare kanta: ta busar fiye da kima domin kada wani gefe ya fita a jiƙe. Wannan asara biyu ce. Ta ƙone tururin da bai kamata ba, kuma da yake da nauyi ake sayar da takarda, ta cika ma'auni da zare mai tsada a inda aka yarda ta bar danshi. A masana'antar da ke yin tan 100,000 a shekara, kashi ɗaya kacal na wuce gona da iri ya kai kusan tan 1,000 na kayan haɗi da aka bayar kyauta.

Ƙasar da ta saba da ƙiyasi

A nan batun ya fita daga hannun injiniyoyi ya shigo siyasa. Najeriya ƙasa ce da ta daɗe tana zaman lafiya da rashin awo. Miliyoyin masu amfani da lantarki ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo musu. A tsawon shekarun tallafin fetur, hukumomin gwamnati sun riƙa bayar da alƙaluma masu saɓa wa juna kan lita nawa ƙasar ke sha a rana, kuma a kan waɗannan alƙaluma aka biya tiriliyoyin naira. Hukumar NEITI, mai bin diddigin kuɗin ma'adinai, ta sha kokawa kan rashin isassun ma'aunai a harkar ɗanyen mai. Inda ba awo, ba a iya bambance asara da sata, kuma akwai masu cin moriyar wannan duhu. Kamfanin gwamnati da ke sayen man tukunya da tanka-tanka ba tare da ma'aunin da ke nuna tururi nawa man ya haifar ba, ya bar tsagar da ƙadangare ke nema a bango.

Arewa ta san ƙarshen wannan labari. Masaƙun Kakuri a Kaduna da na Kano da tururi suke rini da wanki da busar da yadi, tukwanensu kuma da baƙin mai suke ci. Da matatar Kaduna ta fara tangal-tangal, baƙin mai ya yi wuya ya yi tsada, wannan na cikin abubuwan da suka haɗu da fasa-ƙwaurin atamfa da rashin wuta suka rufe masaƙun a shekarun 2000, dubban ma'aikata suka koma gida. Ita ma masana'antar Jebba tana maƙwabtaka da madatsar ruwa mai samar da lantarki, amma lantarki na juya injin ne, tukunya sai da abin ƙonawa.

Yau lissafin ya ƙara tsauri. A watan Afrilun 2024 kuɗin lantarkin rukunin A ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, an sha ɗage ranar kammala shi. Manyan masana'antun takarda na duniya ba sa raba lissafin wuta da na tururi. Suna dafa tururi mai tsananin matsi, ya fara juya injin lantarki, ragowarsa mai sauƙin matsi ta tafi ganguna, a ci moriyar mai ɗaya sau biyu. Masu dafa itace da sinadari har baƙin ruwan da ya rage suke ƙonawa ya zama tururi. Duk wanda zai yi gogayya da su da janareta a gefe guda da tukunyar dizal a ɗaya gefen, ya faɗi tun kafin a buga ganga.

Gani ga wane

Akwai kuma abin da masu kiran a gina masana'antar takarda mai sheƙi ba sa ambata: kasuwarta a duniya raguwa take yi, domin mujallu da tallace-tallace sun koma intanet. Kamfanin Stora Enso ya juya masana'antarsa ta Oulu a Finland daga takarda mai shafe zuwa takardar kwali. Bayan da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022 sakamakon yaƙin Rasha da Yukren, wasu masana'antun takarda a Italiya sun dakatar da aiki na wani lokaci. A 2023 kamfanin UPM ya sanar da rufe masana'antarsa ta Plattling a Jamus, kamfanin Sappi kuma ya sanar da rufe ta Stockstadt a Jamus da ta Lanaken a Beljiyam. Waɗannan wurare ne da ake auna kowane kilo na tururi, da ƙwararrun ma'aikata da wutar da ba ta ɗaukewa. Duk da haka tsadar makamashi da ƙarancin masu saye sun kai su ƙasa.

Wannan na da fuska biyu ga Najeriya. Injunan da aka rufe a Turai sukan shiga kasuwar gwanjo, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana a kawo wa wata gwamnati tayin ɗaya da sunan garaɓasa. Injin da aka ƙera domin arhar gas da kulawar ƙwararru, idan aka dasa shi inda babu ko ɗaya, zai zama wata Iwopin. A ɗaya fuskar, buƙatar takarda a nan gida ba ta mutu ba. Yara na ƙaruwa a makarantu, kayan masarufi na buƙatar kwali, kuma ƙasar na da abin da ake nema: farar ƙasa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi, dutsen alli a jihohi da dama, sitacin rogo, ga kuma rama, wadda ɓawonta ke da dogon zaren da malaina ba ta da shi, kuma masu bincike sun daɗe suna nuna ta a matsayin mafita.

Hankali zai fi karkata ga hawa tsani daga ƙasa: takardar kwali da ta littafin rubutu tukuna, inda kasuwa ke da faɗi kuma ɗan kuskuren danshi ba ya kashe ciniki, sannan ƙaramar masana'antar shafe da za ta yi amfani da farar ƙasar gida, in an tace ta ta kai matsayin da ake buƙata. Masu cewa a hana shigo da takarda domin a tilasta yin ta a gida na da hujjar kare ayyukan yi. Amma hani kafin a samu mai iya yi da farashin da za a iya saye, iyayen yara da masu ɗab'i na Shomolu da sauran garuruwa ne za su biya kuɗinsa.

Abin da ya kamata a tambaya

Nan da ranar zaɓe za a sake jin alƙawarin tayar da Jebba, Iwopin da Oku Iboku, ko gina sabuwa a wata jiha. Ɗan jarida ko matashin da ya samu damar riƙe makirufo a gaban mai alƙawarin yana da tambayoyin da suka fi "yaushe za a fara" amfani. Da wane makamashi za a dafa tururin, kuma akwai rubutacciyar yarjejeniyar samar da shi na shekaru nawa, a kan wane farashi? Tan nawa na tururi aka ƙiyasta kowane tan na takarda zai ci, kuma za a riƙa wallafa abin da ya ci a zahiri idan akwai kuɗin jama'a ko rangwamen haraji a cikin aikin? Wa zai riƙa tantance ma'aunan, tunda hukumar SON na da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, dokar masana'antu kuma ta wajabta duba tukwanen tururi lokaci-lokaci? Matasa nawa za a horar a kan na'urorin awo da sarrafawa a kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna da cibiyar horar da ma'aikatan man fetur ta Effurun, kafin injin ya iso, tunda ba a fafe gora ranar tafiya?

Mai alƙawarin da ya yi aikin gida zai amsa da lambobi, ko ya faɗi ranar da zai kawo su. Wanda ya amsa da cewa Najeriya na da albarkatu da yawa, a rubuta sunansa da ranar da ya faɗa, a ajiye. Fostarsa dai za ta sha ruwan damina ɗaya ta saɓule, a manna wata a kanta, ita ma daga jirgin ruwa.